Allon Mushe Ya Goge

Litinin, 10 ga Oktoba 2011, bakwai na safe, Madawa

Na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan makarantar lakwal. Shekara bakwai rabona da in rubuta wani abu nawa a takarda, har yatsuna sun manta riƙon alƙalami. Dalilin komawata takarda zan rubuta shi in na samu zuciya.

Jiya Ardo Sambo ya kira ni. Shi ne jagoran makiyayan da ke haurawa wajen Ibohamane da damina, su gangaro ta Buza zuwa fadamar Bangi bayan girbi. Bana ruwa ya ɗauke da wuri, dole suka taso kafin lokaci. Suna zaune bakin wani tabki kusa da Buza, ya ce ruwansa ba zai kai sati biyu ba. Hanyarsu guda ce, burtalin da ya ratsa gonakin Gidan Tanimu, kuma an gaya masa an shuka dawa a cikinsa.

Ya ce, "Mushe Mu'awiya, ka taho da allonka ka karanta muna kamar kullum. Ni ba ni son jayayya da kowa. Allo shi yi magana."

Na ce to.

Wanda ya shuka dawar Yaya Manzo ne, wan matata Husaina. Na sani tun watan shida.

Litinin, bayan azahar, a biro, wato ofis

Bari in rubuta, ko zan ji sauƙi.

Allon ba allo ba ne. Ajanda ce ta lantarki, ba ta wuce tafin hannu ba, furojen shata burtali da na yi wa aiki ya ba ni ita a 2004. Mutanen ƙauye suka ga ina rubutu a kanta da ɗan tsinke, suka sa mata allon Mushe, don haka suke kirana, kamar kowane ma'aikaci, kalmar Faransanci ce mai nufin malam. Shekara ɗaya kafin nan an yi abin da aka yi a Gidan Tanimu. Manoma da makiyaya suka gwabza, aka binne mutum biyar, cikinsu har da mace. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Bayan haka ne aka zaɓi shaidu huɗu, biyu daga manoma, biyu daga makiyaya, suka dafa Alƙur'ani, muka taka burtalin da ƙafa daga farko har ƙarshe. Suna faɗin alamomi, ina rubutawa. Alama ashirin da uku.

Furoje ya ƙare kafin a kafa ginshiƙan siminti a wannan yanki. Takardar da aka sa wa hannu ta ce alamomin suna cikin rataye. Ratayen ni ne zan buga shi, kullum ina cewa gobe, har aka kwashe ordinatocin furoje, wato kwamfutocinsa, aka tafi da su. Ban damu ba. Ai ga allo a aljihuna. Kowace shekara ina zuwa in karanta, kowa ya ce ya ji, a watse. Dattawa ma suka daina zagayen burtali da suke yi da ƴaƴansu bayan shuka. Wa zai wahalar da ƙafarsa alhali Mushe na da abin a rubuce?

Ajandar na da hali guda: pil biyu take ci, ƴan ƙananan batura, in suka mutu aka bar ta haka, duk abin da ke cikinta ya tafi. Shekara bakwai ina canza su kowace Juma'ar farkon wata, da sauri. Ƙarshen watan takwas na sayi sabuwar waya, irin ta shafawa, mai ɗaukar hoto, mai shiga intanet in rezo, wato sabis, ya ga dama. Na jefa ajandar cikin durowa, na yi sati shida ina shafa gilas ina nuna wa abokan aiki.

Ranar Alhamis na tuna da ita. Na sa mata sabbin pil. Ta kunna, ta ce in zaɓi harshe, in sa kwanan wata, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 11 ga wata, sha ɗaya na safe

Na je kasuwa wajen Alƙasim mai gyaran wayoyi, wanda ya kwashe mini lambobin mutane daga ajandar zuwa sabuwar waya. Ya juya ta, ya buɗe bayanta, ya hura, ya mayar.

"Mushe, wagga ta riga mu gidan gaskiya. Sai dai addu'a."

Na ce ya duba cikin wayar, ko rubutun ya biyo lambobin. Ya duba.

"Lambobi kac ce in kwashe ma, lambobi nik kwashe. Na tambaye ka sauran hwa, kac ce sai wani lokaci, kana sauri."

Haka ne. Saurin zuwa ɗaukar hoton sabon masallaci nake yi.

Da ya ga fuskata, ya rage murya. "Kai ba ka tuna abin da ac ciki? Rubuta shi cikin sabuwa. Wa za ya gane?"

Na yi masa tsaki na tafi. Amma maganar ta biyo ni har gida.

Laraba, 12 ga wata, bayan asuba

Na gwada. Na tuna goma sha tara.

Laraba, la'asar

Ashirin da ɗaya. Rijiyar da ta rufta, shurin gara, tsamiya, kan dutse, duk sun dawo. Biyun da suka rage su ne gawo biyu. Akwai gawo a alama ta sha ɗaya, akwai wani a ta sha bakwai. Ɗaya an ce iyaka tana gindinsa. Ɗayan an ce a ƙara taki arba'in gabas da shi. Gonar Yaya Manzo tana jikin na sha ɗaya. In iyaka na gindin bishiya, dawarsa tana waje, shanu su matse su bi ta gefen kwazazzabo, inda ba ya ɗaukar garke. In da taki arba'in, fiye da rabin dawar tana cikin burtali.

Sau shida na karanta wannan jeri a gaban jama'a. Mai karantawa daga allo ba ya riƙe komai, idonsa ne ke aiki.

Ko kuwa na tuna ne, ba na so?

Alhamis, 13 ga wata, tara na safe

Husaina ta lura ba na cin abinci. Ta ajiye mini kunu ta zauna, ba ta tashi ba.

"Baban Ummi, zancen gonar Yaya na?"

Na ce aiki ne kawai.

"Ka san yadda yad dawo daga Libiya. Riga ɗaya, sai leda a hannu. Ɗiya shida. Geronshi bai yi ba, dawag ga ita ɗai ta rage mishi." Sannan ta ce, "Ba ni ce ka yi ƙarya. Ina gaya ma na, don ka sani."

Na sani. Saboda na sani ne ban je karatu ba bana bayan shuka. Aka ce mini Manzo ya shiga wajen gawo, na ce zan duba, na ƙi dubawa. Lokacin allon na raye a aljihuna, minti ɗaya ya ishe ni. Kunyar surukai ta hana ni, na ce bari damina ta wuce tukuna. Ga ta ta wuce.

Ban gaya mata ba.

Juma'a, 14 ga wata, bayan magariba

Na hau moto, babur ɗina, na je Gidan Tanimu. Dawar ta yi kyau, abin haushi. Ta fi ni tsawo, ta fitar da kai, tana neman sati uku. Na tsaya gindin gawon na zuba masa ido ko zai tuna mini wani abu. Na ɗauke shi hoto da sabuwar waya. Hoton ya fito tsaf, har ana ganin ƙayoyi.

Yaya Manzo ya same ni a wurin. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi Husaina da Ummi.

"Mushe, ni ban shiga haƙƙin kowa ba. Tun ina yaro nan muka tsayawa da noma, ga gindin icce. Ka duba allonka, za ka gani."

Ya faɗa da gaske, ba da wayo ba. Shekararsa tara a waje, ba ya nan aka yi zagayen, kuma da ya dawo babu mai zagaye.

Na shiga gaida surukina, Baba Tsoho. Cikin shaidun nan huɗu shi kaɗai ya rage a duniya, shi ma shekara uku ke nan idonsa ya rufe. Na durƙusa bakin ƙofa kamar yadda na saba, muka yi gaisuwa mai tsawo. Tambaya ɗaya ce tsakanina da kwanciyar hankali: Baba, gawon sha ɗaya, gindi ne ko taki arba'in? Amma in na tambaya ya san allo ya mutu. Kuma da wane baki zan ce wa tsoho ya yi shaida a kan abincin jikokinsa?

Maigari ya sa taro ranar Alhamis mai zuwa. Ya ce kada in manta da allo. Na ce in sha Allah.

Asabar, 15 ga wata, goma na safe

Sambo ya kira sau uku. Na ɗauka a na ukun.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Sambo ya ce tabkin ya zama laka, maruƙa biyu sun kwanta. Ya ce samarinsu sun fara cewa burtali nasu ne, ba sai an ba su izini ba, yana riƙe da su amma hannunsa ya gaji.

"Mushe, ka san wa nir rasa waccan shekara ta rikici. Ba ni son in ƙara binne kowa, ba ni son su ma su binne. Alhamis munka ce ko?"

Na ce Alhamis.

Daga Gidan Tanimu kuma wani ya kira, bai faɗi sunansa ba, ya ce in gaya wa Fulani su ma ba barci suke yi ba. Da can in na bar biro babu mai samuna sai gobe, don tsohuwar salulata a kashe take wuni. Wannan ba na iya kashe ta, ina jin kamar in na kashe wani abu zai faru ban ji ba. Kowa na da hanyar zuwa kunnena yanzu, har cikin masallaci tana rawa a aljihu.

Litinin, 17 ga wata, takwas na safe

Na sake sa wa ajandar wasu pil, don wauta. Ta sake cewa in zaɓi harshe.

Talata, 18 ga wata, la'asar, biro

Na yi abin da Alƙasim ya ce. Na rufe ƙofa na rubuta jerin cikin sabuwar waya, alama ashirin da uku, da lambobinsu, da Faransanci mai kyau. Na rubuta shi iri biyu. A ɗaya iyaka na gindin gawo. A ɗayan akwai taki arba'in.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda duka biyun suka yi kama da gaskiya. Harafi ɗaya, layi ɗaya. Ba gogewa, ba rawar hannu.

Ina gaya wa kaina ba ƙarya ba ce, tunda ɗaya cikin biyun dole shi ne daidai. In na karanta mai taki arba'in, shanu za su wuce, ba wanda zai ce na bi surukaina, Manzo ya shiga rani hannu wofi. In na karanta ɗayan, Sambo zai yarda, don bai taɓa musa wa allo ba, zai kora garkensa ta gefen kwazazzabo, abin da ya faɗa ya faɗa. Kowanne na zaɓa za a karɓa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Na goge ɗaya. Ba zan rubuta wanne ba.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar, Gidan Tanimu

In ban rubuta yanzu ba zan gyara labarin daga baya, na san kaina.

An taru ƙofar maigari da hantsi. Manoma gefe guda, Sambo da mutanensa bakwai gefe guda, sanduna a kan cinya. Baba Tsoho bai fito ba. Aka yi addu'a, maigari ya ce bismillah Mushe. Na ciro wayar, na shafa, jerin ya fito. Na karanta alama ta ɗaya, ta biyu.

Sambo ya ɗaga hannu. "Dakata, Mushe. Wagga ba allon da munka sani ba ta. Ina mai tsinke?"

Na ce na canza, an zuba abin cikin sabuwa.

"To madalla. Amma shaidu ga waccan sunka yi magana, ita munka yarda da ita. Wagga baƙuwa ta. Ba zarginka nika ba. A kawo Alƙur'ani ka dahwa, cewa abin da ac cikin waccan shi na cikin wagga. Sai mu karɓe ta ita ma."

Manoma suka ce gaskiya ne, har da Yaya Manzo. Ba wanda ya ga abin a matsayin wani babban al'amari. Aka kawo mini buta. Na yi alwala a hankali, na wanke kowace gaɓa sau uku, ina jan lokaci, ruwan bai ƙare ba sai da na gama. Liman ya ajiye Littafin a kan buzu a gabana.

Na miƙa hannu. Ya tsaya a hanya.

Ban san yadda na fara ba. Na ji muryata tana cewa allon ya mutu tun sati shida ko fiye, saboda sakacina, ba abin da ya rage a cikinsa, abin da ke cikin wayar nan ni na rubuta shi shekaranjiya daga kaina, kuma gawon sha ɗaya ban san gaskiyarsa ba.

Ba wanda ya zage ni. Na so a zage ni. Maigari ya cire hularsa ya mayar. Wani cikin mutanen Sambo ya miƙe, Sambo ya ja rigarsa ya zaunar da shi ba tare da ya dube shi ba. Daga bayan manoma aka fara gunaguni, wani ya ce to tunda ba rubutu, gona ta mai gona ce. Na ga hannuwa suna komawa kan sanduna.

Liman ne ya ce, "Akwai shaida guda da rai."

Yaya Manzo ya ce, "Baba ba shi gani."

"Ba ganinshi muka bukata ba."

Maigari ya aika. Muka zauna jira. Ɗan aiken ya dawo ya ce Baba ya ce gobe da sassafe a kawo amalanke.

Ina gidan liman. Ban iya shiga gidan surukaina ba. Husaina ta kira, na kalli sunanta yana haske har ya mutu.

Juma'a, 21 ga wata, bayan sallar Juma'a

An kai Baba kan amalanken jaki, an shimfiɗa masa tabarma. Gari duka ya biyo. Daga alama ta ɗaya yana faɗin kowace tun kafin a isa, ana dubawa ana samu. Ba ya ko tsayawa tunani.

Da aka zo gawon ya ce a sauke shi. Mutane suka miƙa hannu, ya ce a'a, mijin Husaina ya riƙe shi. Shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa taɓa jikinsa ba. Hannunsa ba nauyi.

Ya dafa jikin bishiyar, ya shafa, ya juya har rana ta dakar masa fuska. Sannan ya fara takawa yana ƙirgawa da ƙarfi. A taki na uku muka shiga dawa. Ganyen na dukan fuskarsa, ina kare masa da hannu ɗaya. Goma. Ashirin. Muryarsa ba ta canza ba. A talatin da biyar ya yi tuntuɓe da kunya, na tallafe shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Arba'in. Ya buga sandarsa ƙasa ya ce, "Nan ta."

Jerin mai taki arba'in shi ne wanda na goge ranar Laraba. Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Yaya Manzo ya dubi ubansa, wanda ba ya ganinsa, ya daɗe. Ya karɓi adda hannun wani ya fara sara daga inda sandar take. Sambo ya ce a ba su dama su taya shi, su ɗaure karan su kai masa gida ko dabbobinsa sa ci. Manzo ya ce ba ya so. Shi kaɗai ya sare, muna tsaye.

A hanyar fita daga gonar Baba ya yi mini magana. Ba zan rubuta ta yau ba.

Lahadi, 23 ga wata, tara na safe, Madawa

Shanun sun wuce jiya. Ba a taɓa kowa ba. Sambo ya kira ya ce sun sha ruwa a fadama, maraƙi ɗaya bai kai ba. Ya yi godiya, na rasa ta mece ce.

Na buga alamomin ashirin da uku a takarda, kofi biyar. Maigari ya ce baɗi za a koma zagaye da ƙafa.

Husaina ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta auna gero cikin namu ta ɗaure a buhu don Yaya Manzo, ta ce in ba direban da ke zuwa Bangi. Na ce zan kai da kaina, ta ce a'a, in ba direba.

Lahadi, bayan azahar

Ga abin da Baba ya ce mini. Muna cikin dawar, mu biyu, ƙarar addar Manzo na bayanmu. Ya tsaya kamar yana hutawa, bai juyo ba.

"Mushe, ran da munka yi zagayen ga, ni nim matsa a rubuta. Sauran sun ce baki ya isa, nic ce a'a. Na san gonata ce ga bakin burtali. Na san wata rana yunwa za ta tura ɗana ko jikana ciki. Nic ce in ranar ta zo, ƙarhe shi hwaɗi, kowa shi ji haushin ƙarhe. Kada ɗana shi ji ta ga bakina." Ya numfasa. "Abu guda na nib ba ka ka ɗaukar min."

Muka ƙarasa bakin amalanke. Ya zare hannunsa daga nawa, ya lalubi kafaɗar wani ya hau.